Mai Bindiga Ba Ya Gwada Tasa

Tudun Wada, Gusau.

Zuwa ga ɗana Sufyanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Rukayya, da amaryata Ummi wadda jiya ta cinye mini dabino ta ce ɓera ne. Allah Ya kai ku Bunguɗu lafiya ranar Asabar, Ya tsare ku a hanya, Ya sa ku shiga gidan can da ƙafar dama, Ya sa wa gonar kakanka albarka a hannunka.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. To, akwai maganar da baki ba ya iya ɗauka, kuma ka san ni, in na fara magana faɗa nake ƙarewa da shi. Shekaranjiya da na ce in ka je ka nemi ƙungiyar mafarauta da masu bindiga ta can ka shiga, dariya ka yi. Ka ce, "Baba, ni fa lasisi gare ni da sunana. Me zan yi da taron tsofaffi masu layu? Wasunsu ma ai su ne matsalar." Ka ɗauka ka kayar da ni. Wallahi ba kayar da ni ka yi ba, tsoro ka ba ni, don muryata na ji tana fitowa daga bakinka. Za ka shiga da bindiga gidan da akwai mace da ƙaramar yarinya, kuma kana so ka riƙe ta kai kaɗai, babu mai ce maka kai tsaya. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Lokacin da aka tura ni Tsafe malamin gona, kana goye, ban fi ka shekaru ba yanzu. Na tafi da bindigar mahaifina, harba-ruga, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Na yi mata takarda, na sa takardar a leda, kullum tana aljihun gaba kusa da biro. Ran Lahadi nakan fita bayan duwatsu neman zabin daji. Ba iyawa na yi ba, amma ina jin kaina.

A hanyar dawowa akwai wata tsamiya kafin a shiga gari. A nan mafarautan Tsafe suke tsayawa. Shugabansu wani dattijo ne, Baba Ɗanjimma, sarkin baka, gajere, mai furfura, ba ya ɗaga murya. Al'adarsu ita ce babu wanda zai wuce tsamiyar nan da bindiga sai an gwada ta. Baba yana da wata sandar ɗuri ta icen kanya mai tsaga a jiki, kowace bindiga da tata tsagar. Zai zura ta a bakin bindiga. In ta nutse har tsagar, babu komai a ciki, wuce. In ta tsaya da saura, akwai ɗuri, koma daji ka harba ta sama. Kuma mai bindiga ba ya gwada tasa. Shi kansa Baba, in ya gama da kowa, sai ya miƙa tasa da sandar ga na kusa da shi.

Sau uku yana tare ni. Na farko ya ce, "Malamin gona, sannu da rana. Kawo ta in gwada." Na ce na gode, na wuce. Na biyu ya ce in zo in zauna da su ranar taro, ai duk mai bindiga ɗan'uwa ne. Na ce aiki ya yi mini yawa. Na uku, da ya sake miƙo hannu, sai na zaro ledar nan na nuna masa, na ce, "Baba, ni gwamnati ta san da ni." Ya dubi takardar a juye, don bai iya boko ba, ya miƙo mini. Ya ce, "Ta yi kyau. Amma ɗana, takarda ba ta leƙa bakin bindiga." Mutanensa suka yi dariya, ni kuwa na tafi ina huci, ina cewa a raina jahilci dai bai yi ba.

Ranar na harbi zabo na kuskure, na sake ɗurawa, zabin suka tashi, rana ta yi zafi, na kamo hanya. A kaina bindigar nan wayam take, don na tuna ƙarar harbin, na manta ɗurin da ya biyo baya. Na isa gida na rataye ta a ƙusa a bangon ɗaki. Washegari da hantsi ina shirin fita aiki, Innarka ta ɗauko doguwar tsintsiya za ta share yanar gizo, kana goye a bayanta. Ta tsaya ta ce, "Malam, abin nan babu komai a ciki ko?" Ina ɗaura agogo, ko juyowa ban yi ba. Na ce, "Babu. Sau nawa zan gaya miki?"

Ban kai zaure ba na ji ƙarar. Tsintsiya ta taɓa igiyar, igiyar ta zame, bindigar ta faɗo da gindinta a ƙasa, ta tashi. Da na shiga ban ga komai ba sai hayaƙi, sai hasken rana yana shigowa ta ramin da ta huda a kwano. Innarka tana durƙushe, jini na bin kunnenta na hagu, ba ta ko taɓa shi ba. Kwance goyo take yi, tana jujjuya ka, tana duba kai, tana duba ciki. Kai kuwa kana ta tsala ihu. Ban taɓa jin abin da ya kai ihun nan daɗi ba a rayuwata. Tsakanin kanka da hanyar da harsashin ya bi bai fi taƙi ɗaya ba.

Sufyanu, ba zazzaɓi ne ya tafi da kunnen Innarka ba. Ni ne. Shekara talatin da 'yan kai kuna tsokanarta, kuna cewa in ana son a roƙi Inna abu a tsaya ta dama, in ana son a yi gulmarta a koma hagu, tana dariya tare da ku. Ita ta ƙirƙiro zancen zazzaɓin tun a gadon asibiti, don kada danginta su raina ni, don kada ku taso kuna kallona da shi. Ban roƙe ta ba. Har gobe ban san da me zan biya matar nan ba, sai dai Allah Ya biya ta da Aljanna.

'Yan sanda suka zo suka tafi da ni da bindigar, kuma gaskiyarsu ne. Ina zaune a kan benci a caji ofis, na zaro ledar nan na duba, na ga babu abin da za ta ce a madadina. Abokan aikina babu wanda ya leƙo. Wajen azahar sai na hango Baba Ɗanjimma da dattawa huɗu sun shimfiɗa buzu a inuwar bango. Suka zauna har la'asar, sai da babban jami'in ya kira su. Ina ji da kunnena ya tambayi Baba, "Naku ne?" Baba ya ce, "Namu ne, ranka ya daɗe. Bai dai sani ba tukuna." Ya ce shi ya ɗauki nauyina, in aka sake jin ko tari daga bindigata, a zo a kama shi.

Da muka fito na durƙusa zan yi godiya, ya ce, "Tashi, ba mu ka yi ma laihi ba. Mu tai asibiti." Ya tsaya a kaina sai da na roƙi gafarar Innarka a gaban ƙanwarta. Bindigar kuwa sai da ta shekara a ɗakinsa. In za a fita ya ba ni, in an dawo tsamiya ni ne na ƙarshe a layi, ya gwada, ya karɓe abinsa. Ni da nake taƙama da biro, na koma ina bin bayan masu layu ina koyon yadda ake ɗaukar bindiga a tsallake rafi, da yadda ba a nuna bakinta ga mutum ko da wasa, ko da an rantse babu komai a ciki. Abin da na koya a shekarar nan babu shi a takardar da na yi ta fama da ita.

Don haka in ka ce lasisinka ya ishe ka, ina jin ka. Lasisi dole ne, kada ka kuskura ka bar shi ya mutu. Amma shi yana gaya wa hukuma cewa an yarda ka riƙe, ba ya tsayawa a ƙofar gida ya ce kawo in gani ranar da ka gaji, ko ranar da ranka ya ɓaci. Taka ta zamani ce, karya ta ake yi a leƙa, ba ta bukatar sanda. Mantuwar dai irin tawa ce, ba ta canja ba. Ka nemi mutanen da za su leƙa maka.

Da na ce maka daga nan na shiryu, da na yi ƙarya. Bayan shekaru aka dawo da ni Gusau, aka ba ni tebur da fanka, na sayi bindiga mai harsashi, wadda yanzu ta zama taka. Sunana yana cikin ƙungiya, amma ƙafata ta ɗauke. In an aiko ana taro sai in ce a gaida Baba. Sai fashi ya yi yawa a hanyoyi, aka ba da umarni a tattara bindigogin da ke hannun mutane, ba a ware na maharbi da na ɓarawo ba. Baba ya ɗebo dattawa uku suka shigo motar haya tun daga Tsafe, suka zo ma'aikatarmu. Abin da suke so ƙanƙane ne. In rubuta musu takarda da Turanci mai bayyana su wane ne su, da sunan kowa da unguwarsa da mai unguwar da ya san shi, in raka su su miƙa. A cikinsu duka ni kaɗai na iya.

Ta taga na hango su, da rigunan farauta da suka sha jini da rana, suna tambayar ofishina. Ana maganar ƙarin girma a lokacin. Na ce a raina, yanzu in aka gan ni da waɗannan a wannan yanayi, me za a ce? Sai na zame ta ƙofar baya na shige masallacin ma'aikata na zauna, ba lokacin salla ba. Tir da wannan zama. Ina nan har suka gaji suka tafi.

Ba a yi sati biyu ba aka karɓe nasu, aka zo har gidan nan aka karɓi tawa, da lasisin da komai. A daminar nan birai da gadu suka yi wa dawar Baba kaca-kaca, yana kallo, sai gwangwani yake kaɗa musu. Kunya ta ishe ni, na hau babur na tafi Tsafe. Ya karɓe ni, ya sa aka dama fura, muka sha. Sai da na ajiye ludayi ya ce, "Mun zo ba mu ishe ka ba." Na ce eh, an aike ni. Ya ce, "Haka muka ce. Sai dai mun ga babur ɗinka gindin dalbejiya, mun ce wanga babur da hankali yake, ya dawo ya bar mai shi." Ya yi 'yar dariya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A tabarmar nan na rubuta takardar. Muka yi ta sintiri tsakanin Tsafe da Gusau wata da watanni, yau a ce mu dawo gobe, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ni kaɗai da tuni na haƙura, amma in mutum ashirin suka zauna a ƙofar ofis da ladabi, kowa da shaidar mai unguwarsa, dole a saurare su. Daga ƙarshe aka mayar wa duk wanda ƙungiya ta tsaya masa. Bindigar da za ka tafi da ita, da guminsu ta dawo gidan nan.

Shi ya sa nake ce maka shiga da suna kawai ba shiga ba ce. In an kira taro ka je, ko kana da shuka. Kai ka yi karatu fiye da ni, waya kuma a hannunka kamar a nan aka haife ta. Ranar da za su bukaci mai rubutu ko mai magana a gaban hukuma, kada a neme ka a rasa. Wanda ke riƙe da bindiga ta halal, in bai da masu magana da yawunsa, ranar da aka tashi shara tare da ɓarayi za a kwashe shi.

Saura maganarka ta ƙarshe, cewa wasunsu su ne matsalar. A nan ba zan musa maka ba, don na gani, kuma da hannuna a ciki.

Bayan rasuwar Baba Ɗanjimma, Allah Ya jiƙansa, abin da ya sami ƙasar nan ya same ta. Ka san shi, ba sai na faɗa ba. Matasa suka cika ƙungiya, kusan kowa da gawar da yake kuka, wani uba, wani ƙane, wani an ɗauke matarsa. Ba na ganin laifin zafin zuciyarsu. Na yi ritaya a lokacin, ina zuwa taro a kai a kai. Wata ranar taro a gindin tsamiya wani ya miƙe ya ce Buba ne ke kai wa ɓarayin daji rahoto. Kana iya tuna Buba, Bafulatanin da ke sauke shanunsa a 'yar gonata ta Tsafe bayan girbi su zuba mini taki, wanda matarsa ke aiko muku da man shanu a kwalba. Aka ce an gan shi ranar kaza yana nuna hanya. Ranar da suka ambata kuwa muna tare da shi a kasuwar Mada tun safe har la'asar, shi ya taya ni zaɓen tunkiya.

Na buɗe baki, na dubi idanun yaran nan, na rufe. Tsoro na ji kada a ce tsohon nan ma nasu ne. Na ce a raina bari su huce, gobe na yi magana. Kafin goben sun je sun ƙone masa bukkoki, sun kore shi da iyalinsa. Allah Ya taƙaita ba a rasa rai ba, kuma ba don ni ba. A taro na gaba na miƙe na faɗi abin da na sani. Sai ga dattawa biyar sun mara mini baya, ashe kowa jira yake wani ya fara. Aka kori mutum uku daga ƙungiya, aka kafa doka cewa duk wanda ake zargi a kai maganarsa ga hakimi da hukuma, ƙungiya ba kotu ba ce. Doka ta yi kyau, amma ba ta tayar da bukkar Buba ba.

Bara na gamu da shi a tashar mota a nan Gusau. Na so in kauce, shi ya riga ni sallama. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Malam, ina Sufyanu? Ya girma ko?" Na ce masa na san gaskiya ranar nan na yi shiru. Ya ce, "Na sani. An gaya mini kuma ka yi magana daga baya. Allah Ya yafe mana." Na tsaya a tashar nan ina hawaye kamar yaro, masu babur suna kallona.

To ka ji. Ba a gyara taro daga waje, kuma in mutanen kirki duk suka ce ba ruwansu, masu zafin kai ne za su gaje shi, da bindigogin da sunan. Idan ka isa Bunguɗu kada ka yi gaggawar ba da sunanka. Je ka zauna a taronsu sau biyu, sau uku, ka yi shiru ka kalla. Hakimi da 'yan sanda sun san da su? In dattijo ya yi magana, yara suna saurare? Ka kasa kunne ka ji ko laifin mutum suke faɗa da sunansa da shaida, ko kuwa ƙabila suke zagi. Sannan ka duba ko shugabansu yana miƙa tasa bindigar a duba. In ka samu haka, shiga da ƙarfinka, ka taimake su da duk abin da Allah Ya hore maka. Ranar da ka ji za a taɓa wanda ba a tabbatar da laifinsa ba, ka miƙe a ranar, ba gobe ba. In sun ƙi ji, ɗauki hularka ka fito, ka sanar da hakimi. Wannan ma hidima ce ga ƙungiya.

Ni dai na gode wa Allah. Na yi girman kai, aka rufa mini asiri. Na ɓuya, aka ba ni fura. Ban cancanci ko ɗaya ba. Cikin tsumman da ke tare da wasiƙar nan akwai sandar Baba Ɗanjimma. Da ciwonsa ya yi tsanani ya sa aka kira ni, ya ɗora mini ita a cinya, ya ce, "Riƙe. Kai ka fi kowa sanin abin da taka hanawa." Tsaga ta huɗu daga sama ita ce ta bindigar kakanka. Ba za ta yi maka aiki a taka ba, amma ka rataye ta a inda za ka riƙa ganinta. Bindigar kuwa a akwati mai kwaɗo, harsashi a wani wurin daban, don Ummi ta fara hawa kan kujera.

Kafin in rubuta wannan sai da na nemi izinin Innarka, don sirrin nata ne. Na same ta tana tsince shinkafa. Can ta ce, "Gaya mashi. Gara ya ji kunyarka da Rukayya ta ga abin da na gani." Sannan ta kafa sharaɗi ɗaya, kuma na ce zan isar. Ranar Asabar, kafin a sa bindigar nan a mota, ka kawo ta tsakar gida, ka karya ta, ka miƙa mata. Ta ce wancan karon tambaya ta yi, aka ba ta amsa, ta yarda. Wannan karon da idonta za ta leƙa.

Kada ka yi dariya, kada ka ce mata ai babu komai a ciki. Miƙa mata kawai. In ta gama, ka zagayo ta damanta ka yi mata sallama da ƙarfi, don ta ji.

Allah Ya kiyaye ku da kiyayewarSa, Ya kare ku daga sharrin hanya da na daji da na zuciya. Allah Ya sa bindigar nan ta tsufa a hannunka ba ta taɓa ɗan Adam ba. Ya haɗa ka da mutanen kirki irin waɗanda Ya haɗa ni da su, Ya ba ka ladabin da ni sai da na sha wuya na samu. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.